Cakulan: Amfaninsa ga Lafiyar Jiki da Walwalar Zuciya

1.0 Gabatarwa

Cakulan yana ɗaya daga cikin kayan ciye-ciye da suka shigo rayuwar Hausawa ta hanyar ciniki da cuɗanya da baƙin al'ummu. A yau da wuya a shiga kanti ko a tsaya gaban teburin mai shayi ba a ga wani nau'i nasa ba, ko dai curarre a naɗe cikin takarda, ko kuwa gari a cikin gwangwani. Yara 'yan makaranta su suka fi kowa kusantarsa. Bugu da ƙari, labarai sun yawaita a jaridu da rediyo da wayoyin hannu cewa cakulan yana rage hawan jini, yana kare zuciya, yana kuma kawar da baƙin ciki.

Malami shi ne wanda yara, wani lokaci har da iyayensu, sukan tunkara da tambaya idan sun ji irin wannan labari, kuma amsar da ya bayar takan zauna daram a zuciyar yaro. Idan ya ce cakulan magani ne, ya buɗe wa yaro ƙofar shan zaƙi ba kima. Idan kuwa ya ce guba ne, ya faɗi abin da ba haka yake ba. Saboda haka wannan darasi zai yi bayani a kan asalin cakulan da yadda ake sarrafa shi, da abin da bincike ya tabbatar game da amfaninsa, da kuma iyakar wannan amfani.

2.0 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:
(a) bambanta tsakanin koko da cakulan;
(b) kawo taƙaitaccen tarihin cakulan da ire-irensa;
(c) bayyana amfanin koko ga magudanan jini da kuma tasirin cakulan ga walwalar zuciya;
(d) zayyana illolin da ke tattare da yawan cin sa;
(e) koya wa yara yadda ake tantance labarin da aka jingina wa bincike.

3.0 Ƙunshiyar Darasi

3.1 Ma'anar Koko da Cakulan

A rubutun Hausa kalmar "koko" tana ɗauke da ma'ana biyu. Akwai kokon gero ko na masara wanda ake sha da ƙosai da safe, akwai kuma bishiyar koko da 'ya'yanta, waɗanda ake nomawa a kurmi. Ma'ana ta biyu ake nufi a wannan darasi. Ya kamata malami ya jawo hankalin yara ga wannan bambanci, ya kuma raba su duka biyun da "ƙoƙo" mai lanƙwasa, wato ɗan ƙaramin mazubi na duma.

Sunan bishiyar koko a kimiyyance shi ne Theobroma cacao. Masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, Linnaeus, shi ya raɗa mata wannan suna a shekarar 1753. Dangi ɗaya take da bishiyar goro, kuma dukkansu suna son inuwa da danshi da ruwan sama mai yawa. Shi kuwa cakulan abinci ne da ake haɗawa daga niƙaƙƙiyar ƙwayar koko da man koko da sukari, wani lokaci da madara. Wato ke nan koko shi ne tushe, cakulan kuwa abin da masana'anta ta fitar bayan ta yi ƙare-ƙare. Wannan bambanci shi ne ginshiƙin darasin baki ɗaya.

3.2 Taƙaitaccen Tarihi

Asalin bishiyar koko daga dazuzzukan Amazon ne na Kudancin Amurka. A shekarar 2018 masu binciken kayan tarihi suka bayyana cewa sun sami ɓurɓushin koko a jikin tukwane a wani tsohon kufai a ƙasar Ikwado, wanda ya kai kimanin shekara 5,300. Daga baya al'ummun Maya da Aztek na yankin Meziko da Amurka ta Tsakiya suka shahara da shi. Galibi ba su sha shi da zaƙi ba. Sukan niƙa ƙwayar su dama da ruwa, su zuba barkono ko garin masara, su sha da ɗacinsa da kumfarsa. Sun kuma yi amfani da ƙwayar a matsayin kuɗi, kamar yadda Hausawa suka yi da wuri.

Kolumbus ya ci karo da ƙwayar koko a tafiyarsa ta huɗu a shekarar 1502. Mutanen Sifen ne suka kai koko Turai, suka ƙara masa sukari, ya zama abin shan sarakuna da attajirai. A ƙarni na 19 aka sami sauye-sauye uku da suka mayar da shi abincin kowa. A 1828 iyalin Van Houten na ƙasar Holan suka yi rajistar injin matse mai daga ƙwayar koko. A 1847 kamfanin Fry na birnin Biristol a Ingila ya fitar da curarren cakulan na ci. A 1875 kuma Daniel Peter na ƙasar Suwizalan ya haɗa cakulan da madara.

A Afirka ta Yamma, tarihi ya fi ambaton wani maƙeri mai suna Tetteh Quarshie, wanda ya zo da irin koko daga tsibirin Fernando Po ya shuka a Mampong ta ƙasar Gana a 1879. Yanzu ƙasashen Kwaddebuwa da Gana su ke samar da fiye da rabin kokon duniya, Nijeriya da Kamaru suna cikin masu biye musu. A Nijeriya ana noma shi a jihohi irin su Ondo da Osun da Kuros Riba. Kuɗin koko yana cikin abin da ya tallafi shirin ilimin firamare kyauta da gwamnatin Jihar Yamma ta fara a 1955.

3.3 Sarrafawa da Ire-iren Cakulan

'Ya'yan koko suna fitowa ne a jikin kututture da manyan rassa. Idan aka fasa ɗa guda akan sami ƙwaya talatin zuwa arba'in a lulluɓe da farin nama mai yauƙi. Manomi yakan tara ƙwayoyin ya rufe su da ganyen ayaba na kwana biyar zuwa bakwai, kamar yadda ake rufe kalwa idan za a yi daddawa. A wannan rufi ne ɗacin yake raguwa, ƙanshi kuma ya fara samuwa. Daga nan sai a shanya a rana. A masana'anta ana soya ƙwayar, a ɓare, a sheƙe, a niƙa. Kusan rabin nauyin ƙwayar mai ne, don haka niƙan yakan fito da kauri kamar markaɗen gyaɗa. Idan aka matse shi, sai mai ya ware gefe guda, tunkuza ta rage, ita ake dakawa ta zama garin koko.

Ana kasa cakulan gida uku:
(a) Baƙin cakulan: kokonsa ya fi yawa, sukarinsa kaɗan ne, yana da ɗan ɗaci. Akan rubuta yawan kokon a jikin takardarsa, misali kashi 70 ko 85 cikin ɗari.
(b) Cakulan mai madara: kokonsa kaɗan ne, kuma kusan rabin nauyinsa sukari ne. Shi yara suka fi sani.
(c) Farin cakulan: man koko ne kawai da madara da sukari, babu garin koko a cikinsa.

Akwai kuma garin abin sha irin su Bournvita da Milo, waɗanda koko ɗaya ne kawai daga cikin kayan haɗinsu, tare da tsiron hatsi da madara da sukari.

3.4 Amfanin Koko ga Lafiyar Jiki

Babban abin da ya jawo hankalin likitoci ga koko shi ne wasu sinadarai da ake kira filabanol, waɗanda su ke ba shi ɗaci da bauri. Idan suka shiga jini suna taimaka wa bangon magudanan jini ya ƙara fitar da wani sinadari mai suna naitirik oksaid. Aikin wannan sinadari shi ne sassauta magudanan su buɗe, jini ya gudana cikin sauƙi, kamar yadda ruwa yake tafiya ba wahala idan an faɗaɗa kwalbati.

Binciken da Dakta Norman Hollenberg na Jami'ar Habad ya yi a kan mutanen Kuna, mazauna wasu tsibirai a gaɓar ƙasar Panama, yana cikin abin da ya fara fito da wannan batu a shekarun 1990. An lura cewa mutanen nan suna shan koko kofi da yawa a kullum, kuma hawan jini bai cika kama su ba ko da sun tsufa. 'Yan'uwansu da suka koma birni suka sauya abinci kuwa ba su tsira da wannan kariya ba. Sai dai wanda ya bar tsibiri ya koma birni ba koko kaɗai ya bari ba, ya bar kamun kifi da aikin ƙarfi da sauran abincinsa na gargajiya. Don haka sai da aka koma ga gwaji na musamman.

Ga abin da manyan gwaje-gwaje suka nuna:
(a) A 2012 hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta amince cewa miligiram 200 na filabanol a kullum yana taimaka wa magudanan jini su riƙe laushinsu. Ana iya samun wannan adadi a giram 10 na baƙin cakulan mai yawan filabanol.
(b) A 2017 ƙungiyar Cochrane ta tattara gwaji 35 da aka yi a kan mutum kimanin 1,800, ta gano cewa koko yana rage bugun jini da kusan maki 2. Ma'ana, wanda awonsa ya nuna 160 zai dawo wajen 158, wato har yanzu mai hawan jini ne, yana buƙatar maganin asibiti.
(c) A 2022 aka fitar da sakamakon gwajin COSMOS da aka yi a Amurka a kan dattawa 21,442 na fiye da shekara uku da rabi. Rabinsu an ba su ƙwayar magani mai ɗauke da miligiram 500 na filabanol a kullum. Yawan kamuwa da cututtukan zuciya gaba ɗaya bai ragu ba yadda za a kafa hujja da shi, amma mutuwa sanadiyyar waɗannan cututtuka ta ragu da kashi 27 cikin ɗari. Abin lura a nan shi ne tatattun sinadarai aka ba mutanen, babu sukari babu mai.
(d) A ƙarshen 2024 masu bincike na Jami'ar Habad suka ruwaito cewa a cikin dubban ma'aikatan lafiya da aka bi diddiginsu shekaru da yawa, masu cin baƙin cakulan sau biyar ko fiye a mako sun fi ƙarancin kamuwa da ciwon sukari da kashi 21 cikin ɗari. Ba a ga wannan a wajen masu cin cakulan mai madara ba, sai ma ƙarin ƙiba.

Baya ga filabanol, baƙin cakulan yana da sinadarin ayon mai taimakawa wajen gina jini, da magnesiyam mai amfani ga tsoka da jijiyoyi. Sai dai kuma dole a san cewa rufi da suya da wankin da wasu masana'antu suke yi wa koko da sinadari mai kama da kanwa domin kashe ɗaci duk suna rage filabanol ƙwarai. Saboda haka baƙin launi kaɗai ba ya tabbatar da cewa amfanin yana nan.

3.5 Cakulan da Walwalar Zuciya

Mutane da yawa sukan ce suna jin sanyi a rai idan sun ci cakulan. Masana sun bi hanya biyu wajen neman dalili.

Hanya ta farko ita ce ta sinadarai. Koko yana da tiyoburomin da kafeyin, waɗanda suke wartsakar da jiki su kori kasala. Su ɗin ne kuma ake samu a goro, illa dai a goro kafeyin ya fi yawa, a koko kuwa tiyoburomin ne ya rinjaya, kuma shi aikinsa a hankali yake. Akwai wani sinadarin da 'yan talla suke yi wa laƙabi da "sinadarin soyayya", amma jiki yakan narkar da mafi yawansa tun kafin ya isa ƙwaƙwalwa.

Hanya ta biyu ita ce ta daɗin baki. Man koko yana narkewa a zafin da bai kai na jikin mutum ba da kaɗan, shi ya sa cakulan yake narkewa a kan harshe. Haɗuwar wannan laushi da zaƙi da ƙanshi tana motsa sashen ƙwaƙwalwa mai kula da jin daɗi. A 1994 Michener da Rozin na Jami'ar Pensilbaniya suka gwada hanyoyin biyu. Sun ba masu kwaɗayin cakulan garin koko a cikin kwanson magani su haɗiye ba tare da sun ji ɗanɗanonsa ba, kwaɗayin bai kwanta ba. Farin cakulan, wanda ba shi da garin koko, ya ɗan rage shi. Cakulan mai madara ne ya kashe shi sarai. Wannan ya nuna cewa baki da hanci sun fi sinadaran tasiri a wannan fage.

A 2007 kuma Macht da Mueller a ƙasar Jamus suka nuna wa mutane fim mai tayar da hankali, sannan suka ba su cakulan. Waɗanda suka ci mai daɗi sun ji ransu ya ɗan yi sanyi nan take, amma bayan minti uku bambancin ya gushe. Wato walwalar gaskiya ce, sai dai gajeriya ce.

Dangane da ciwon damuwa mai tsanani kuwa, sakamakon bincike ya saɓa wa juna. A 2010 wani nazari a birnin San Diyego na Amurka ya sami cewa masu alamun damuwa sun fi sauran mutane cin cakulan. A 2019 wani nazarin a kan Amurkawa fiye da 13,000 ya sami cewa masu cin baƙin cakulan sun fi ƙarancin alamun damuwa. Babu ɗaya daga cikinsu da ya iya nuna wanne ne ya jawo wani. Don haka yaron da ya daɗe cikin ƙunci, ya daina wasa, ya daina cin abinci ko barci, abin da yake buƙata shi ne kulawar malami da iyaye da ganin likita.

3.6 Illolin Yawan Cin Cakulan

Hausawa sun ce zuma ga zaƙi ga harbi. Illolin da ya kamata malami ya sani sun haɗa da:
(a) Sukari: a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 cikin ɗari na kuzarin da mutum yake samu a yini, in da hali ma ya tsaya ƙasa da kashi 5, wato kimanin giram 25 ko ƙaramin cokali shida ga babba. Cakulan mai madara na giram 50 shi kaɗai ya kusa cinye wannan kaso.
(b) Ƙiba: giram 100 na baƙin cakulan yana ɗauke da kalori kusan 600.
(c) Ruɓewar haƙori, musamman ga yaron da ba ya wanke baki kafin barci.
(d) Rashin barci: kafeyin da ke cikin giram 100 na baƙin cakulan ya kusa na kofi ɗaya na gahawa.
(e) Ƙarafa masu cutarwa: a 2022 ƙungiyar kare masu saye ta Amurka, Consumer Reports, ta auna nau'i 28 na baƙin cakulan, ta sami ɓurɓushin dalma da kadmiyam a cikinsu duka. Wannan ya isa dalilin da zai sa ƙananan yara da masu juna biyu su taƙaita.
(f) Tiyoburomin guba ne ga karnuka da kyanwoyi, don haka ba a ba su cakulan.

3.7 Malami da Labarin "Bincike Ya Nuna"

Tarihin cakulan ya samar da misalai biyu masu kyau na koyar da tantance labari. A 2012 Dakta Franz Messerli ya nuna cewa ƙasashen da suka fi cin cakulan, da Suwizalan a kan gaba, su suka fi samun lambar yabo ta Nobel. Lissafin daidai ne, amma ba cakulan ne ya haifar da masanan ba. Ƙasashen masu arziki ne, kuma arzikin da ya sayi cakulan shi ya gina jami'o'i. A 2015 kuma wani ɗan jarida mai suna John Bohannon ya shirya gwaji mara inganci da gangan a kan mutum 15 kacal, ya yaɗa cewa cakulan yana rage ƙiba. Jaridu a ƙasashe da dama suka buga ba tare da bin diddigi ba, sannan ya fito ya tona asirin kansa.

Daga nan malami zai iya koya wa yara tambayoyi huɗu: Mutum nawa aka gwada? Me aka ba su, koko ko alawa? Nawa ne girman amfanin? Wa ya biya kuɗin binciken? Tambaya ta ƙarshe tana da muhimmanci domin kamfanonin cakulan sun tallafa wa bincike da yawa a wannan fanni, har da gwajin COSMOS. Haka nan ya dace malami ya kwantar da hankalin yaron da iyayensa ba su da halin sayen cakulan, ya sanar da shi cewa ana samun filabanol a ganyen shayi da tuffa da inabi, kuma lafiya ba ta rataya a kan cakulan ba.

4.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa amfanin cakulan ga lafiya yana cikin ƙwayar koko ne, kuma yana raguwa gwargwadon yadda aka ƙara sukari da madara. An ga cewa filabanol yana sassauta magudanan jini, yana ɗan rage bugun jini, amma ba ya maye gurbin magani. An kuma ga cewa walwalar da ake ji ta fi dangantaka da daɗin ɗanɗano, kuma ba ta daɗewa. Ɗan ɓalli na baƙin cakulan jefi-jefi ba laifi ba ne ga mai lafiya, amma mai ciwon sukari ko hawan jini sai ya nemi shawarar likitansa. Kwaɗayi dai, in ji Hausawa, mabuɗin wahala ne.

5.0 Auna Fahimta

1. Bambanta tsakanin "koko" mai ma'ana biyu da "ƙoƙo", tare da sanya kowanne a cikin jimla.
2. Kawo matakan sarrafa ƙwayar koko, ka kwatanta su da na sarrafa gyaɗa ko kalwa.
3. Ta yaya filabanol yake aiki a magudanan jini?
4. Me gwajin Michener da Rozin ya koyar game da kwaɗayin cakulan?
5. Wani uba ya ce zai daina shan maganin hawan jini ya koma cin cakulan. Wace amsa malami zai ba shi?

6.0 Jinga

A tattaro takardun naɗin cakulan ko gwangwanayen garin abin sha guda biyar. A karanta jerin kayan haɗin da ke jikin kowanne, tare da lura cewa abin da ya fi yawa shi ake fara rubutawa. A fassara jerin zuwa Hausa, sannan a tsara darasi na minti talatin da biyar ga 'yan aji biyar na firamare mai taken "Me ke cikin abin da muke ci?"